Jijjigar jariri sabon haihuwa: fenobabiton ko Keppra, wanne ya kamata a fara da shi?

A yawancin asibitocinmu in jariri ya kwanta a ɗakin jarirai iyaye ne ke sayo magani. Nas za ta leƙo ƙofa ta ce ina baban bebin wance, ta miƙo 'yar takarda ta ce yi sauri, uba ya zura da gudu famasi a ce masa allurar fenobabiton ta ƙare, ya fita kemis ɗin bakin get nan ma babu, sai wani mai shago ya ce ai akwai Keppra, sabo ne, shi ake yayi yanzu a waje, sai dai kuɗinsa da ɗan nauyi. Wani gidan kuma akasin haka ake samu, likita ya riga ya yi wa jaririn fenobabiton sai wani ɗan uwa da ya ɗan leƙa intanet ya zo yana faɗa, wai ya za a ɗura wa jinjiri maganin da ya haura shekara ɗari, wanda aka ce yana taɓa ƙwaƙwalwa, alhali ga sabo a kasuwa. Mu kuma dama mun taso da cewa arha ba ta ado, abin da ya fi tsada shi muke ɗauka ya fi kyau. Toh a maganar jijjigar jarirai lissafin bai tafi haka ba, kuma ina so iyaye su san dalili tun kafin ranar ta zo musu, Allah ya kiyaye. Likita ne ke zaɓar magani, wannan ba gardama, amma wanda zai ciro kuɗi daga aljihunsa ya kuma sa hannu a takarda ya kamata ya fahimci abin da ake yi wa ɗansa.

Da farko mu gane wace jijjiga ake nufi. Ana maganar jariri ne daga haihuwa zuwa kwana 28. Daban take da jijjigar zazzaɓi da ke kama yara 'yan wata shida zuwa shekara biyar, kuma mafi yawanta ba farfaɗiya ba ce, alama ce cewa wani abu ya taɓa ƙwaƙwalwar a 'yan kwanakin nan. Ita kuma ba ta cika zuwa da irin fizge-fizgen da muka saba gani a babba ba. Zaka ga jariri yana ta tsotsar leɓe ko taune-taune ba nono a bakinsa, ko ido ya kafe gefe guda, ko ƙafafu suna juyawa kamar mai tuƙa keke, ko hannu ɗaya yana zillo a jere a jere, wani ma numfashi ne kawai zai ɗauke ya yi shuɗi ya dawo. Akwai kuma karkarwa ta lafiya wadda jarirai da yawa ke yi in sun yi kuka ko an buɗe su, ita in kika riƙe hannun a hankali ko kika lanƙwasa shi sai ta tsaya, kuma ido ba ya kafewa. Jijjiga ta gaske ko kin riƙe za ki ji gaɓar tana ci gaba da bugawa a tafin hannunki. Wasu jariran kuma suna zabura a cikin barci kaɗai, da an tashe su shikenan. Abu ɗaya da nake roƙon iyaye, in akwai wani a kusa ya ɗauki bidiyo da waya ko na rabin minti ne ana shirin tafiya asibiti, domin sau tari kafin a isa abin ya lafa, likita ya rasa me zai gani.

Kafin a kai ga wanne magani, akwai tambayar da ta fi shi girma, me ya kawo jijjigar. Abin da ya fi kawo ta shine jariri ya rasa iska lokacin haihuwa, doguwar naƙuda, a haife shi bai yi kuka ba sai da aka sha fama, irin wannan jijjigar takan fara a ranar farko zuwa ta uku. A wajenmu wannan ba ƙaramin abu bane, binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma kusan kashi 16 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti. Sai faɗuwar suga a jini, musamman ga bakwaini, ko ɗan mai ciwon suga, ko jaririn da aka hana nonon farko aka yi ta ba shi ruwa. Sai ƙarancin kalsiyum, sai ƙwayoyin cuta a jini ko sanƙarau, sai shawara in ta yi tsanani ta hau ƙwaƙwalwa, sai zubar jini a cikin kai. Me yasa na jero su? Saboda jaririn da suga ne ya faɗi masa, ko an juye masa Keppra na dubban nairori ba abin da zai yi, ɗigon jini ɗaya a dunduniya da na'urar gwajin suga ya isa a gano, a ba shi ruwan suga na kashi 10, mil 2 a kowane kilo ta jijiya, jijjigar ta tsaya. Mai sanƙarau antibayotik yake buƙata, kuma in likita ya ce zai ɗebi ruwan baya don Allah a bari, allurar ba ta gurgunta yaro, cutar da aka ƙi ganowa ce ke gurguntawa. Mai shawara shuɗiyar fitila ko canjin jini. Sai tetanus da ke shiga ta cibiyar da aka yanke da tsohuwar reza ko aka shafa mata abin da bai dace ba, shi jaririn yana lafiya lau yana shan nono sai bayan kwana uku zuwa sati biyu baki ya ƙi buɗuwa, jiki ya sandare da an taɓa shi ko an yi ƙara, wannan maganinsa daban ne gaba ɗaya. Duk asibitin da aka kai jariri yana jijjiga ba a duba sugansa ba aka fara rubuta magani mai tsada, ni dai hankalina ba ya kwanciya da wurin.

Toh yanzu fenobabiton, wanda a takarda za ku ga an rubuta phenobarbitone ko phenobarbital, 'yan uwanmu na Nijar kuma sun fi saninsa da Gardénal. Tun 1912 kamfanin Bayer na Jamus ya fito da shi da sunan Luminal, a shekarar ce wani likita Alfred Hauptmann ya lura yana tsayar da farfaɗiya. Ga jariri ana farawa da miligiram 20 a kowane kilo, ta jijiya, a hankali cikin kamar minti 15 zuwa 20, in bai tsaya ba a ƙara 10 a kowane kilo har a kai 40. Ku duba lissafin nan da kyau, jariri mai kilo 3 miligiram 60 zai sha, wata kwalbar allurar kuma miligiram 200 ne a cikin mil ɗaya, kenan abin da za a zuƙa bai kai sulusin mil ba, ɗan ɗigo ne a gindin sirinji wanda sai an tsarma shi. Kuskure kaɗan a nan ya ninka wa jariri magani sau uku. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba allurar da za a kira mai kemis ya yi a gida ba ce. Illarsa sananniya ce, yana sa barci mai nauyi, yana iya rage numfashi, yana iya saukar da jini, kuma da yake hantar jariri ba ta gama ƙwari ba maganin yakan kwana da yawa a jiki, shi yasa zaki ga bebi ya yi kwana biyu uku ba ya kama nono sosai sai an tatsa an ba shi ta robar hanci. Uwa in ta ga haka hankalinta kan tashi ta ce an kashe mata jikin ɗa, amma abu ne da ake sa ran gani kuma yana wucewa. Abin da ya fi Keppra da shi a ƙaramin asibiti, in an rasa jijiya ana iya yin sa a cinya.

Keppra kuwa sunan kasuwa ne, ainihin sunan maganin levetiracetam, kamfanin UCB na Beljiyam ne ya yi shi, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1999. Yanzu kamfanoni da yawa musamman na Indiya suna yin nasa da wasu sunaye, akwai na allura akwai na ruwa da ake sha mai miligiram 100 a mil ɗaya. Gaskiya akwai dalilin da yasa likitoci suka so shi, ba ya cika danne numfashi, ba ya cika saukar da jini, ba ya rigima da sauran magunguna, jariri ya fi zama a farke ya sha nono. Ga manyan yara da manya masu farfaɗiya magani ne mai kyau sosai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi a jerin muhimman magunguna a 2023. Ta ƙoda yake fita, don haka jaririn da rashin iska ya taɓa masa ƙoda sai an lura da yawan da ake ba shi. Shekaru da dama ana ta ba jarirai shi a Amurka da Turai bisa kyakkyawan zato, alhali amincewar da aka yi masa a hukumance daga ɗan wata ɗaya ta fara, ba a gwada shi gaba da gaba da fenobabiton a sababbin haihuwa ba.

Da aka zo aka gwada ɗin, sakamakon ya ba mutane da yawa mamaki. Binciken da ake kira NEOLEV2, wanda aka yi a asibitocin Amurka da Niyu Zilan aka buga a 2020, an raba jarirai gida biyu, ba likita ba iyaye ba wanda ya san wanne aka ba wa wanne, kuma kowane jariri an maƙala masa na'urar EEG a kai wadda ke nuna wutar ƙwaƙwalwa dare da rana. Cikin 30 da aka fara wa fenobabiton, 24 jijjigarsu ta tsaya cak har awa 24, wato kashi 80 cikin 100. Cikin 53 da aka fara wa Keppra, 15 ne kawai, kashi 28. Ba 'yar ƙaramar tazara ba ce wannan. An ɗan fi ganin saukar jini da raunin numfashi a ɓangaren fenobabiton, amma a aikin da aka ba su na tsayar da jijjiga tsohon ya yi wa sabon nisa sosai. Ba kuma ina cewa fenobabiton ba ya kasawa bane, a wani bincike da aka yi a Pittsburgh aka buga a 1999 kan jarirai 59, fenobabiton ya tsayar da kashi 43 ne kawai, fenitoyin, wani maganin jijjigar daban, kashi 45, ko da aka haɗa su biyun kusan kashi 60 aka samu. Har yau duniya ba ta da maganin jijjigar jarirai da za a ce ya gamsar, wanda ya fi dama-dama ake nema.

Wani zai ce ai ni na ga binciken Indiya da ya ce Keppra ya fi. Haka ne, akwai shi, an yi a Bangalore kan jarirai 100 aka buga a 2019, Keppra ya samu kashi 86 fenobabiton 62. Bambancin yana wurin yadda aka auna. Su da ido suka duba, jariri ya daina motsi sai a rubuta ya warke. A nan ne matsalar take, domin jijjigar jariri wutar ƙaiƙayi ce, sama lafiya lau ciki tana ci. A wani bincike a Ayalan da aka haɗa bidiyo da EEG an gano kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na jijjigar da na'ura ta kama ke nuna wata alama a jiki, kuma da yawa daga motsin da ma'aikata suka rubuta a matsayin jijjiga na'urar ba ta ga komai ba a lokacin. Kenan in da ido ake aunawa za a saka jariran da dama can ba jijjiga suke ba a cikin lissafi, su kuma ko me aka ba su za su "warke". Bayan haka an san cewa da an ba da magani jiki kan yi shiru ƙwaƙwalwa ta ci gaba. Shi yasa masana suka fi ba binciken da aka yi da EEG nauyi. Ƙungiyar masana farfaɗiya ta duniya, ILAE, da ta fitar da ƙa'idojinta a 2023 ta ce a fara da fenobabiton ko mene ne sanadin jijjigar, in ban da 'yan tsirarun da tasu ta gado ce, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa kenan tun 2011.

Amma fa Keppra na da wurinsa, kar a ce na ce a jefar da shi. In an ba da fenobabiton har iyaka jijjiga ta ƙi tsayawa, yana cikin na biyun da ake komawa, tare da fenitoyin da midazolam. In jariri na da ciwon zuciya, ƙa'idojin 2023 ɗin sun fi karkata gare shi a matsayin na biyu, saboda fenitoyin na iya rikita bugun zuciya, ga shi ba a haɗa shi da ruwan suga, in ya zube a wajen jijiya kuma yana ƙona fata. In numfashin jariri dama da ƙyar yake, asibitin ba injin numfashi, an riga an ba da fenobabiton sau ɗaya ana tsoron ƙarawa, likita na iya ganin Keppra ya fi aminci, kuma wannan hukunci ne mai hankali a irin yanayinmu. In kuma allurar fenobabiton ta ɓace a garin gaba ɗaya, ai ba za a zauna kallon jariri yana jijjiga ba, a koma a gaya wa likita babu, shi zai canza. Abin da ba na so shine uba ya canza da kansa a kan kanta saboda mai shago ya ce wannan ya fi.

Akwai wasu 'yan tsiraru da duka biyun ba su ne nasu ba. In a dangi an saba haihuwar jarirai su yi jijjiga a kwana na biyu ko na uku sannan su tashi lafiya, wannan na gado ne, ya fi jin fenitoyin ko kabamazafin. Akwai kuma wadda ba ta jin komai sai bitamin B6. Cututtukan gado irin wannan ta B6 da sai uwa da uba duk suna ɗauke da su sun fi fitowa a auren zumunci, wanda mu kuma muna yinsa sosai, don haka in kun taɓa rasa jariri da irin wannan ciwon, ko ku 'yan uwa ne ke da maigidan, ku faɗa wa likita ko bai tambaya ba, ba abin kunya bane.

Sai maganar taɓa ƙwaƙwalwa, wadda ita ce ke tsorata iyaye masu karatu. Tana da tushe. An gwada a jariran ɓeraye an ga fenobabiton na kashe wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma a 1990 an buga wani bincike kan yara masu jijjigar zazzaɓi da aka ɗora su a kansa kullum har shekara biyu, aka samu makin basirarsu ya yi ƙasa da na sauran da kusan 8. Amma ku lura, shekara biyu ana sha kullum. Jaririn da ake magana a kai kwanaki ne zai yi a kansa, ita kuma jijjigar da aka bari tana ta maimaituwa a kan ƙwaƙwalwar da dama ta ji rauni tana ƙara ɓarna. Inda tsoron yake da amfani shine wajen sallama. Da can akan sallami jariri da rabin ƙwayar fenobabiton 'yar miligiram 30 a daka a dama da nono kullum har wata uku, wata shida, wani ma a manta da shi a kai har ya yi shekara, uwa na ta saye a kemis. Binciken da aka yi a Amurka kan jarirai kusan 300 aka buga a 2021 ya nuna waɗanda aka tsayar wa magani kafin su bar asibiti da waɗanda aka ci gaba da ba su, a shekara biyu ba bambanci a ci gaban ƙwaƙwalwarsu ko kamuwa da farfaɗiya, kusan kashi 13 ne suka samu farfaɗiya daga baya kuma ci gaba da maganin bai hana ba. Don haka ƙa'idar yanzu, in jijjigar ta wani sanadi ce da ya wuce, kuma ta tsaya, a tsayar da magani kafin a tafi gida, fenobabiton ne ko Keppra. In an sallame ku da magani ku tambaya cikin ladabi, likita har yaushe zai sha, kuma yaushe za mu dawo a duba. Wanda aka riga aka daɗe ana ba shi kuma kar a yanke rana ɗaya a gida, a hankali ake janyewa.

Ta fuskar kasuwa abin yana ba ni takaici. Maganin da ya fi aiki shine mai arha, kuma arhar tasa ce ta sa ba wanda ke rububin kawo shi. Ga shi yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi saboda masu shaye-shaye, a Najeriya sai da izinin NAFDAC na musamman ake shigo da shi, ga rajista ga lissafin kowace kwalba, riba kuma ba yawa, sai ɗan kasuwa ya ga wahalar ta fi kuɗin. Keppra ba shi da wannan takunkumin, ribarsa ta fi, wakilan kamfanoni na yawo da shi asibiti asibiti. Kenan in ka ga ya fi samuwa a kanta, lissafin ciniki ne ya kawo haka. Abin lura kuma, a Amurka da kuɗi ya shiga maganar, tsohon maganin aka koma wa. A Nuwamba 2022 hukumar magungunansu ta amince da Sezaby na kamfanin Sun Pharma na Indiya, shine magani na farko da ta taɓa amincewa da shi musamman don jijjigar jarirai, kuma ba komai bane illa garin fenobabiton wanda aka cire masa wasu sinadaran adanawa da ke cutar da jarirai, aka ba kamfanin shekara 7 shi kaɗai a wannan fagen. An gwada wasu sababbi ba su kai labari ba, akwai bumetanayid da aka dakatar da gwajinsa a Turai bayan jarirai 14 kacal saboda wasunsu sun samu matsalar ji. Duk wanda za a saya cikin biyun, a saya a famasi mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a kawo wa nas da kwalinsa don ta ga ƙarfin da ke rubuce, jabu a irin wannan maganin rai yake ci.

Dayazifam da aka fi sani da Valium, wanda shi ne a bakin kowa in yaro ya yi jijjiga, ga sabon haihuwa ba shi ake so ba sai a tetanus. Aikinsa a kan jijjiga gajere ne, yana ɗauke numfashi musamman in ya haɗu da fenobabiton, kuma sinadarin da ke cikin allurar na iya ƙara wa mai shawara haɗari. Na gida kuma, hayaƙi, turare a hanci, manja ko ruwan albasa a baki, cusa cokali, ɗura rubutu ga jaririn da ba ya iya haɗiya, duk hanyar shaƙewa ce, ruwan huhu yake tafiya. Kafur da ake sakawa a kayan jarirai shi kansa yana jawo jijjiga da shawara. Addu'a da tofi a yi su a hanya, ba sa hana tafiya, a kwantar da shi a gefe a lulluɓe shi da ɗumi a kama hanya, kar a ce sai an yi suna ko sai gari ya waye. Wasu sun ji ana sanyaya jariran da suka rasa iska a ƙasashen waje, gaskiya ne, da na'ura ake yi a riƙe jiki a digiri 33.5 na awa 72 a ɗakin kulawa ta musamman, amma da aka gwada a Indiya da Siri Lanka da Bangaladash kan jarirai 408 aka buga a 2021, mutuwa ta fi yawa a waɗanda aka sanyaya. Kar wanda ya sa wa jariri ƙanƙara ko ruwan sanyi.

In da hali a zaɓi wuri, ni wurin ya fi damuna fiye da sunan maganin. Wurin da ke da oksijin da wuta, da ambu wato robar da ake matsawa a hura wa jariri iska, da na'urar gwajin suga a kusa, da nas da ke zagayawa cikin dare, a nan fenobabiton ba abin tsoro bane domin ko numfashi ya yi rauni akwai mai tallafa masa har ya dawo. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri suna da sashen jarirai na musamman, haka asibitin haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai. In kuna ƙaramin asibiti aka duba suga aka yi allurar farko aka ce ku wuce gaba, ku karɓi takardar da ta nuna me aka ba shi, nawa, ƙarfe nawa, domin in can ba su sani ba za su iya sake ba shi cikakken na farko a kan wanda ke jikinsa.

Bayan an dawo gida a riƙa zuwa kilinik ɗin da aka ce, a gwada jinsa musamman in ya yi shawara ko sanƙarau, a lura da riƙe wuya da zama da yadda yake bin abu da ido, rigakafi kuma a ci gaba da shi sai in likita ya ce a jinkirta. Tsakanin wata uku zuwa takwas in kika ga yana wani irin sunkuyar da kai farat ɗaya yana watsa hannuwa, sau da yawa a jere, musamman in ya tashi daga barci, kar ki ɗauka ciwon ciki ne ko firgita, ki ɗauki bidiyo ki kai shi a satin nan, wannan wata irin farfaɗiya ce ta jarirai da ake so a kama da wuri, kuma maganinta daban ne da waɗannan biyun.